Ukunmu Duka Sun Faɗi

Lahadi da dare, Lyon

Yanzu muka sauka daga Paris, ƙafafuna sun kumbura. Awa shida a mota, ba wanda ya yi mini fira.

Wai laifina ne. Ni na kawo shawarar a sake tsarin zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna ƙasar nan, a daina cewa ga ɗan takarar Paris, ga na Lyon. Duk mai so ya tsaya a takarda guda, kowa ya zaɓi wanda ransa ya so, biyun da suka fi ƙuri'a su kara a zagaye na biyu. Sai mu 'yan Lyon muka tsayar da mutum uku, don ba mai janye wa wani. Ƙuri'unmu suka rabu. Biyun da suka haye duk 'yan Paris ne.

Kawu Isufu, ɗaya daga cikin namu ukun, ya zo na uku. Da muka tsaya salla a hanya ya ce, "Habu, bokonka ya ci mu." Na so in ce girman kai ne ya ci mu, amma na haɗiye. Shi ya sama mini aiki a garin nan.

Ina cire takalma sai ga waya. Alhaji Mamman ne na unguwar Barbès a Paris, ɗaya daga cikin biyun da za su kara a zagaye na biyu. Shekara tara ina gaishe shi yana amsawa da ka. Yau har jikin tsohuwata ya tambaya, ya ce 'yan Lyon 'yan'uwa ne.

Ashe sai da muka faɗi aka san da mu. Na ba shi lambar Kawu. Na gaji.