Ina Ne Ƙarshen Lambatun Unguwarmu?

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya yi aikin titin unguwarmu a Katabu, ta ofishinsa da ke Unguwar Rimi, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Sunana Nasiru. Da wuya ka gane ni da suna, amma ka taɓa ganina. Ni ne dogon nan da hular kwano ta yi wa yawa, wanda ya tsaya kusa da injiniyanku ranar da ka zo duba aiki. Ɗalibi ne ni a jami'a, ina karanta fannin injiniyan gine-gine da hanyoyi, kuma a kamfaninka na yi shekarar da makaranta take tura mu waje don mu san makamar aiki. Na rubuto a fili ne saboda na yi ta sintiri ofishinka har maigadi ya fara tambayata ya mutanen gida, kullum sai sakatare ya ce ka fita. Kuma maganar ta riga ta fi ƙarfina ni kaɗai.

Ni mutum ne mai shegen son sanin dalili, har malamaina sun san ni da haka. Tambaya ce take cina, kuma na tabbata amsarta tana teburinka. Sabon lambatun da kuka gina ya tsaya a bakin layin da ke gangaren unguwa, ya saki baki yana kallon gidajen mutane, rafi kuma yana can ƙasa da sauran tafiya. Motocinku sun kwashe kaya sun tafi. Damina ga ta nan ta kawo kai. Bari in jero maganar yadda ta faru.

Na farko, yadda aka yi bakina ya shiga maganar.

Ranar da aka ce an tura ni aikin titin da ke unguwarmu, har rawa na taka a tsakar gida. Ba hawa motar Kawo da sassafe, ba neman Keke zuwa Unguwar Rimi, ga aiki a ƙofar gida. Babana, wanda tela ne a bakin titin, ya riƙa nuna ni ga duk wanda ya kawo ɗinki. Mutanen unguwa dama tun ranar da na samu jami'a suke kirana Injiniya, har da masu kawo min rediyo da janareta in gyara. Da suka gan ni da hula da riga mai sheƙi, sai suka ɗauka titin ma ni na zana shi.

Injiniyan da kuka ɗora a kan aikin, wanda kowa ke kira Oga, mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Sai dai ba ya jin Hausa, in ban da sannu da na gode. Tun makon farko ya gano ni ɗan unguwa ne, daga nan kuwa na zama tafinta. Mai ƙosai za ta matsa da kaskonta, a kira Nasiru. Direban tifa ya yi cacar baki da lebura, a kira Nasiru. Za a rage rumfar wani, Nasiru ne zai je ya ba shi haƙuri. Ranar da aka zuba kankaren kwalbati, abin da na yi watanni ina ɗokin gani, ina can bayan masallaci ina rabon faɗa kan akuyar da gireda ta firgita. Na'urar awon nan mai ƙafa uku kuwa, na san nauyinta sarai don ni nake saɓa ta, amma leƙa ta bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Zanen aikin gaba ɗayansa ban taɓa sa shi a ido ba. Duk lokacin da na roƙa, sai Oga ya yi murmushi ya ce yana cikin kwamfutarsa, a bari sai an samu sarari.

Ban ce fassara ba aiki ba ce, na koyi zama da mutane ƙwarai. Amma ina so in sani, Yallaɓai, haka kamfani yake yi da kowane ɗalibi, ko ni ne Hausata ta ja min?

Na biyu, taron ƙofar gidan Mai Unguwa.

Kafin ku zo, ruwan tudun unguwarmu yana da hanyarsa. Wani tsohon kwari ne da ya ratsa ta bayan gidaje ya gangara rafi. Babu kyan gani, akwai sauro da bola, amma yana kai ruwa inda za shi. Da aka zo ɗaga titi, aka ce dole a cike kwarin da jar ƙasa, sabon lambatu zai karɓi aikinsa. Dattawa suka ce ba su yarda ba sai an yi magana. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, Oga ya zauna a kujera, ni kuma na tsaya tsakani.

Mai Unguwa ya yi tambaya ɗaya tak. Ya ce: "Tambaye shi, in an rufe mana wannan, sabon zai kai ruwan har rafi?" Na juya tambayar da Turanci yadda take, ban rage ba, ban ƙara ba. Oga ya ɗaga hannu ya nuna gangare, ya ba da amsa, ni kuma na mayar da ita Hausa kalma da kalma: "Ya ce za a kai shi har ƙarshe." Mai Unguwa ya dube ni, ba Oga ba, ya ce: "Kai ɗanmu ne, Injiniya. Mu bar su su rufe?" Na ce ai ga shi ya faɗa a gaban kowa. Aka shafa fatiha, washegari katafila ta hau kwarin.

Da na ga ana ɗora kaya a mota lambatu bai kai rafi ba, na je na sami Oga na tuna masa. Wallahi bai ko ji nauyi ba, kuma ban ga alamar yana ganin ya yi ƙarya ba. Cewa ya yi ai an kai shi ƙarshe, ga ƙarshen titi nan, nan kwangilar ta tsaya. Ashe ranar nan ƙarshe biyu ne suka zauna a taron: na Oga inda kwalta ta ƙare, na dattawa inda ruwa yake ƙarewa. Ni kuma da ban ga zane ba, na miƙa kalmar daga wannan hannu zuwa wancan ban san ba abu ɗaya take nufi ba.

Abin da nake so in sani shi ne, shi Oga ya sani a lokacin? In ya sani, me ya sa ya nuna gangare da hannunsa? In kuma bai sani ba, a wane mataki aka datse aikin, kuma wa ya kamata ya dawo ya gaya wa mutanen da aka yi taro da su?

Na uku, tambayoyin ɗalibi, don har yanzu ɗalibi ne ni.

A aji an koya mana cewa magudana daga mafitarta ake fara ta. A san inda ruwa zai zuba tukuna, sannan a riƙa ginawa ana hawa tudu, don ko aiki ya tsaya a hanya, abin da aka gina yana da inda zai kai ruwa. A namu aikin daga sama aka fara aka yo ƙasa. Na tambaya tun lokacin, aka ce in je in kira mai tankar ruwa. Ba mamaki akwai dalilin da littafi bai faɗa ba. Wataƙila don motoci su samu hanyar shigo da tsakuwa ne, wataƙila wani abu ne na ƙasar wurin. In akwai, don Allah ina son jinsa, ai abin da ya kawo ni ke nan.

Sannan an koya mana cewa ruwan da a da yake bazuwa a fili yana nutsewa, in aka tara shi a kankare mai santsi, yawansa da gudunsa duk ƙaruwa suke yi. To an yi lissafin ruwan da zai fito ta bakin nan kuwa? In an yi, ina aka rubuta zai bi bayan ya fito? Ko dai akwai kashi na biyu na aikin da za a ba wani kamfani, mu ne ba mu sani ba? Na zauna da takarda na gwada lissafin da kaina, da awon da na yi da tef ɗin ɗinkin Baba da idona. Abin da ya fito ya tsorata ni, har nake fata a ce kuskure na yi. Zan fi kowa murna in wani injiniyanku ya zauna da ni ya nuna min inda na kauce.

Na huɗu, ruwan farko.

Makon jiya da rana tsaka hadari ya haɗu, aka yi ruwa, ba ma wani mai yawa ba. Na fita da lema don in ga yadda lambatun zai yi, kuma gaskiya a bakin Allah, ginin ya yi kyau. Ruwa yana tafiya sumul, ko'ina ya kwashe, titi tas. Na bi shi ina jin daɗi kamar ni na gina, har muka iso bakin gangare ni da shi. Nan ya fito da ƙarfinsa, ja wur, ya tsallake layi ya daki katangar gidan farko.

Gidan Inna Hure ne, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda duk wanda ya tashi a layin nan ya ci na hannunta kyauta. Katangarta ta ƙasa ce. Kafin a ɗauke, ruwan ya cika zaure, ya shiga madafi ya kashe mata wuta, ya tafi da tiren gyaɗar da ta soya. Gindin katangar ya zaizaye, yanzu hannu yana shiga. Gidajen da ke ƙasa da nata duk sun sha, sai dai nata ne a gaba. Mun taru da samarin layi mun cika buhunan siminti da yashi mun jera mata a ƙofa. Ina cikin ɗaukar buhu wani abokina ya ce: "Injiniya, yau dai ka yi aikin injiniya." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta soke ni.

Tun ranar unguwa ta canza min. Babu wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi min sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. Mai Unguwa in na durƙusa sai ya amsa yana kallon wani wuri. Baba ya daina zama a ƙofar shago, ya mayar da keken ɗinkinsa can ciki inda ba haske, wai rana ce take damunsa. Su ba su san kamfani ba, Yallaɓai, ba su san Unguwar Rimi ba. Muryar da suka ji da Hausa ranar nan tawa ce. Abin yana min ciwo, kuma ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka turo injiniya ya zo ya tsaya a bakin lambatun nan ya gani da idonsa, kafin ruwa ya zauna sosai. In aikin zai ci gaba zuwa rafi, a faɗa mana, a kuma faɗi ko kafin damina ne ko bayanta. In ba hurumin kamfaninka ba ne, ka gaya mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, mu tafi da dattawa. Kafin nan, ko hanya ce ta wucin gadi a tona da katafila a karkatar da ruwan daga gidaje, aikin bai fi ƙarfinku ba, na ga kun yi wanda ya fi shi kafin azahar. A ba ni dama in ga zanen, ko a ofis ne a gaban sakatare. Ɗaliban da za su zo bayana kuma, in za a sa su magana da yawun kamfani, a fara nuna musu abin da suke magana a kai.

Abu na ƙarshe shi ne ya hana ni haƙura da rubutun nan. Jiya na je gyara buhunan ƙofar Inna Hure, na tarar ta ɗaure kayanta a zani ta ajiye a kan gado. Tana da 'ya a Kawo da take ta matsa mata ta koma can, ita kuma a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta yi takaba, ba ta son barinsa. Na zaci za ta yi min gori. Sai ta miƙo min ƙuli-ƙuli ta ce: "Ɗan nan, kai ka yi karatun abin. Katangar nan za ta kai kaka, ko in tafi? Abin da ka ce shi zan yi." Duk unguwar ita kaɗai ta rage da take ɗaukar maganata, kuma ba zan sake faɗa wa kowa abin da ban tabbatar ba. Na ce mata ta ba ni kwana biyu in tambayo manya. To ga shi na tambaya, Yallaɓai. Kayanta suna nan a ɗaure, kuma yau ma gabas ta yi baƙi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kamfaninka, ya sa ayyukanku su zama alheri ga waɗanda aka yi dominsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare rayuka da gidaje.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Nasiru, ɗalibin da ya yi muku tafinta,
Katabu, Kaduna.