Fadamar da Na Samu a Borokiri

Borokiri, Fatakwal
4 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga 'yata Zuliha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Innarki da ƙannenki. Ni nan ƙalau nake, sai tumbi da ke ƙaruwa ba da izinina ba.

Ki karanta wa Innarki wannan a tsanake. Tun ranar da muka gudu daga garin nan da tabarma ɗaya, shekara kusan takwas ke nan, ta rantse ba za ta sake taka Kudu ba sai muna da wuri namu, ba ɗakin haya da za a watso mana kaya waje ba. To, na samu. Mai unguwa ya ba ni fili a bakin ruwa. Na je da hantsi na gani: ƙasa baƙa wuluk, mai danshi, ko ciyawa babu. A garin da arzikin mai ya sa ko makwancin akuya ya yi tsada, ga fadama an bari a banza. Mutanen nan ba su san albasa ba sai a buhu.

A takardar filin an kira wurin "suwam". Turancina kin san a aji uku ya zauna hutawa, bai tashi ba har yau. Duba min ƙamus ɗin makarantarku. Ki kuma aiko min da irin albasar Kura ta hannun Kallamu direba.

Mahaifinki,
Gimba

Borokiri
20 ga Maris, 1974

Zuliha,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, iri ya iso, da takardarki. Kin ce ƙamus ya ce wuri ne mai danshi da ruwa ke kwanciya. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai gama magana ba. A bakin 'yan garin nan, ɗan suwam shi ne wanda ya rasa wuri a tudu, wanda ban-ɗakinsa katako biyu ne a kan ruwa. Jiya wani kwandasta ya kira ni da sunan, na amsa.

Ga yadda aka yi. Na ja fangali huɗu da sassafe, na yafa iri, na tafi kasuwa. Da na dawo wajen azahar, na tarar da kwalekwale yana ratsawa ta kan fangali na biyu. Mai tuƙin har ya gaishe ni.

Maƙwabcina Tamuno, masunci ne, ya ce ruwan nan sau biyu yake hawowa kullum daga teku, tun kafin a haifi kakansa, kuma na gishiri ne. Na ɗanɗana. Kuka kawai ta rage a kaɗa. Na tambaye shi me ya hana shi yi min magana yana kallona ina sunkuye tun safe. Ya ce ya ɗauka wata ibada ce tamu, bai so ya katse ni ba.

Wannan kada ki karanta wa Innarki. In ta tambaya, ki ce albasa na nan tana shan ruwa. Ba ki yi ƙarya ba.

Naki,
Gimba

Borokiri
9 ga Disamba, 1974

Zuliha,

Ina gaishe ku duka, da fatan an gama kaka lafiya. Na daɗe ban rubuto ba don aiki ya sa hannuna ba ya riƙe biro.

Kallamu ya faɗa min tun tuni kin karanta wa Innarki duka, har wurin da na ce kada ki karanta. Ladan kuɗin makaranta ke nan. Ya ce ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Abu ɗaya ta tambaya: wa zai iya korar mu daga wurin?

Tamuno ya koya min yadda suke yi. In ruwa ya janye, sai a shiga cikin itatuwan bakin ruwa a yanko baƙar laka kamar tubali, cikoko suke ce mata, a ɗauko a ka, a jera, a danne. Ruwa ya cinye rabi, gobe a ƙara. Wata takwas ina wannan, ni da a Kura ko bokiti ba na ɗauka. Tumbin ma ya tafi ba sallama. Yanzu ruwa yana zuwa, ya tsaya taku uku daga ƙofa, ya koma. Ɗaki biyu ne na katako da kwano, akwai ɗan tsakar gida inda za ta hura wuta. Sauro na nan, warin laka na nan, sunan ɗan suwam ma na nan. Ban ɓoye komai ba.

Amsar tambayar Innarki kuwa, ban san abin da Allah zai yi ba, an kore mu sau ɗaya ina gani. Abin da na sani, bara babu ƙasa a wurin nan. Ban karɓe ta daga hannun kowa ba, a kaina na kawo ta.

Kallamu zai taso ranar Laraba ta sama, na ce ya bar kujerar gaba. In ta yarda, ta taho da buhu ɗaya na ƙasar Kura. Na huda tsohon baho na ajiye a bakin ƙofa, ragowar irin na nan a gwangwani.

Wannan karon ki karanta mata duka. Na san dama haka za ki yi.

Mahaifinki,
Gimba