Ajin Bayan Tashi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau nake a nan bakin aiki. Ƙofofin da na karɓi kwangilarsu sun kusa kammaluwa, kuma duk wanda ya shafa su sai ya tambayi wane ne kafintan.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne sakamakon jarrabawar firamare na jiha da aka buga a jarida. Mai sayar mana da katako ne ya kawo min, yana wani murmushi. Na fara neman makarantarmu daga sama har wuyana ya gaji, sai ya sa yatsa can ƙasan shafi. Ke ce shugabar makaranta, ni ne shugaban ƙungiyar iyaye. Gida ɗaya aka zaga sau biyu ke nan.

Na yi bincike. Makarantun da ke sama ba su fi mu komai ba, dabara gare su. Yaron da aka san ba zai ci ba, ba a shigar da sunansa, ranar jarrabawa sai ya huta a gida. Ni ma haka nake yi a shago, ba na fitar da kujera mai gurguwar ƙafa gaban mai saye. Ban yi nisa a sakandare ba, amma wannan ba sai da digiri ba.

Don haka bana a tace. A shigar da irin su 'yata Auta, waɗanda malamai da kansu suka zaɓa suke riƙewa bayan an tashi. In ba haka ba, zan cire ta in kai ta makarantar kuɗi. 'Yata ba za ta gama a inda ake nema da yatsa ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Zuwa ga ƙanina, ko Darakta, tunda haka ka ce a riƙa kiranka,

Wa'alaikumus salam. Direbanka ya kawo wasiƙa, na gode. Allah ya yi wa aiki albarka.

Jaridar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta gama magana ba. A yawancin makarantun jihar nan, yaron da ya shiga aji ɗaya shi ne ke fita a aji shida. Mu kuwa unguwar leburori ce a bayanmu. Kusan rabin 'yan aji shidana ba a nan suka fara ba. Aiki ne ke yawo da iyayensu, wasu a tsakiyar zango suke zuwa, wasu kuma wani yare suke yi a gida. In aka ware waɗanda suka daɗe a hannunmu, sun ɗara matsakaicin jiha. Na rubuta wa ma'aikatar ilimi wannan, ba shi aka buga ba.

Dabarar da ka ce na san ta, kuma ba zan yi ba. Yaron da bai zauna jarrabawa ba, ba shi da gurbi a sakandare.

Sai maganar Auta. Ajin bayan tashi ba na zaɓaɓɓu ba ne, na waɗanda karatu ke yi wa nauyi ne. Lissafi kam ta gado ka, amma in an ba ta shafi sai ta tsaya tana bin kalma ɗaya-ɗaya. Ta ji ka a shago kana gaya wa abokanka an zaɓe ta, shi ne ta roƙe ni da mamanta mu yi shiru. Cewa ta yi, "Gwaggo, ki bari sai na iya tukuna." In na tace yadda kake so, tana cikin masu hutawa a gida.

'Yarka ce, kai ke da iko.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ban amsa da wuri ba saboda aiki ya yi yawa, ba don wani abu ba.

Na shigo gari ranar Laraba na koma, ban nemi kowa ba. Na fara zuwa makarantar kuɗin. Akwai fanka, akwai tayil, mai makarantar har lemo ya sa aka kawo min. Na tambaye shi ko kowane yaro yake shigarwa jarrabawa. Ya yi dariya ya ce ai suna dubawa tukuna. Na ajiye masa lemonsa.

Daga nan na biyo taku, na tsaya bayan tagar aji shida. Na ga Auta a benci ɗaya da wata 'yar siririya da ba ta jin maganarmu sosai. Auta na nuna mata lissafin rabawa da marafan kwalba, ita kuma tana riƙe wa Auta layi da rula har ta kai ƙarshen shafi. Duk sanda ɗaya ta motsa, bencin sai ya yi gefe. Wane mugun kafinta ne ya yi muku benci haka, Yaya? Ƙusa ya buga inda ya kamata ya yi huda ya haɗa. Ta yaya yaro zai bi layi, wurin zamansa na rawa?

Na sa yaran shago su yi sababbi, na ajin nan gaba ɗaya. Maganar tacewa kuwa, tunda ban kai ta gaban ƙungiya ba, a bar ta a nan. A shigar da kowa. Auta tana nan inda take.

Kada ki gaya mata na sani.

Ƙaninki.

Darakta,

Gaisuwa. Bencuna sun iso, babu mai rawa ko ɗaya.

Ban gaya wa Auta komai ba. Ta dai shafa gefen nata, ta leƙa ƙasa ta ga yadda aka haɗa ƙafafun. Da aka tashi ta ce in rubuta maka kada ka yar da jaridar nan. In ka dawo ita za ta karanta maka.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Yayarka.