Kwana Uku Labulen Dezo Yana Rufe

Malama Vlasta, ki taimaka mini da shawara. Ranar sha huɗu ga Afrilu tana matsowa, kuma ban san abin da hannuna zai yi ba idan lauya ya miƙo mini biro.

Shekarata sittin da uku. Talatin da ɗaya daga ciki na yi su ina tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari a Brno, kusan kullum layi ɗaya, har na san wace tsohuwa ce take makara a wace tasha. Duk tsawon lokacin nan burina shi ne in yi ritaya in sayi mota mai ɗaki a ciki, mai gado da murhu da ɗan bayi, in tuƙa ta inda babu ƙarfen dogo da zai zaɓa mini hanya. Matata Jarmila ba ta so. Shekara biyu na yi ina lallashinta. Ta bar lambunta na bayan gari da ta yi shekara ashirin tana gyarawa, ta bar ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ta raba wa maƙwabta tukwanen furanninta tana kuka. Na faɗi wannan ne don ki san wanda ya jawo abin.

Afrilun bara muka ba wasu matasa, mata da miji, hayar gidanmu, muka kama hanya. Watannin zafi mun yi su a wani sansanin masu hutu a gaɓar tekun Kuroshiya, ni ina yankan ciyawa ina nuna wa motoci wurin tsayawa, ita tana teburin karɓar baƙi. Da kaka muka tsinki inabi a arewacin Italiya. Da sanyi ya fara cizo muka shiga jirgin ruwa zuwa Girka, muka gangara can kudu, wani fili a bayan ƙauye tsakanin gonakin zaitun da teku, inda motoci kamar goma sha biyar suke cin hunturu duk shekara. A nan nake rubuto miki.

Jarmila ta zama wata mace daban. Tana shiga teku a Janairu. Ta koyi Girkanci har tana ciniki da shi, ta daina rina gashinta, tana dariya da ƙarfi. Ni kuwa tun wajen tsinkar inabi na lura idan muka tsaya a wani wuri mai kyau ta ce in fito in gani, sai in ce na gani ta gilashi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Akwai wata doka a tsakaninmu masu zama a mota, ba a rubuce take ba. Motoci suna kusa da juna, kana jin tarin maƙwabcinka da faɗansa da matarsa. Don haka idan mutum ya rufe labulen gilashin gaba ya shigar da kujerarsa, ba ya nan ke nan, ko da kana jin motsinsa. Ba a ƙwanƙwasawa. A watanmu na farko na buga wa wasu Jamusawa ƙofa don in ari tiyo, mutumin ya buɗe, ya nuna mini labulen da yatsa, ya mayar da ƙofar. Tun daga ranar na haddace.

Motar da ke gefenmu a filin nan ta wani dattijo ce ɗan Slovakiya, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi kaɗai yake. Dezo ake ce masa. Da yake muna jin yaren juna, sai muka fara karta. Mako shida, kullum ƙarfe uku, a kan ɗan teburinsa mai lanƙwasa ƙafa, da ƙaramin kofi na barasar da yake dafawa da kansa. In na daɗe ina tunani sai ya ce, “Kai ɗan Brno, jefa mana, ko sai an kaɗa maka ƙararrawa?” Ni kuma in ce masa mutumin daji da bai saba ganin lamba sama da goma ba, ya bi a hankali. Ba mu taɓa hirar iyali ba. Sau biyu a makonnin nan ya rufe labule na kwana biyu, ya fito da gemu a hargitse ya ce, “Ranakun nan nawa ne, kada ka tambaya, raba karta.” Ban tambaya ba.

Wata Talata a farkon Fabrairu na fito da karta ƙarfe uku, na ga labule a rufe, na koma. Laraba ma haka. Ranar Larabar na wuce ta bakin ƙofarsa zan je zubar da tankin bayi, kusa har da na miƙa hannu zan taɓa ta, kuma na lura hitarsa mai ɗumama motar ba ta yin ƙara ko da yake ana sanyi. Na lura, Malama, na wuce. Alhamis Jarmila ta ce in dubo abokina mana. Na ce labule a rufe yake.

Juma'a da safe Stavrula mai kawo mana burodi a mota ta danna ham, muka taru. Ta dube mu ta ce ina tsohon nan mai gemu, kwana uku ke nan tana komawa gida da burodinsa. Wani ya fara yi mata bayanin labule. Ba ta ma tsaya ji ba, ta je ta daki ƙofar da tafin hannu, ta ja mariƙin. Ƙofar ma ba a kulle take ba.

Likita ya ce ciwon zuciya ne ya kashe shi. Ya ce tun Talata, wataƙila Laraba. 'Yan sanda suka tambayi wa ya fi saninsa, kowa ya nuna ni. Suka ce cikakken sunansa. Ban sani ba, sai da suka ciro a takardun mota.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da aka tafi da shi na hau tsani na wanke farantin sola na motarmu, don dama ranar wankinsa ce. Na ci abincin rana, na cinye. Na jira wani abu ya zo mini, kuka, ko tsoro, ko kunya. Jarmila da ba ta taɓa zama teburinsa ba ta yi kwana biyu idonta a kumbure. Ni har yau shiru. Bayan kwana goma 'yarsa ta zo ɗaukar motar. Na caja mata batir, na nuna mata yadda ake zubar da ruwan tanki. Ta tambaye ni ko yana zancenta. Na ce kullum. Ban ma san yana da 'ya ba sai ranar, kuma ƙaryar ba ta dame ni ba.

Yanzu masu hayar suna son sayen gidan, an sa ranar sa hannu. Jarmila murna kamar me. Ta ce me za mu yi da hawa na huɗu a benen da ba shi da lif, ko gwiwoyina sun manta? Shekaran jiya tana shanya tawul ta ce, “Tsohona, kai ne mai gaskiya, ni ce na ɓata mana shekara biyu.” Na ce to.

Ba wai ina son komawa ba ne. In na tuna gidan, da kujerata, da ƙarar jirgi a ƙasan taga, ba na jin komai. In na tuna hanya, da Portugal da take son mu je baɗi, ba na jin komai. Ina tuƙi daidai, ina barci daidai. Abin da kawai ya canza shi ne kowace safiya ina zagaya filin nan kamar mai neman wani abu da ya faɗi, ina duba labulen kowa.

Shin in sa hannu, tunda ba ni da wani dalilin ƙi da zan iya faɗa? Mutumin da ba ya jin komai yana da hurumin tare matar da ta samu farin ciki a hanyar da shi ya ja ta?

Tsohon direba, kudancin Girka

*

Malam direba,

Kada ka sa hannu ranar sha huɗu. Ban ce sayar da gidan kuskure ne ba, mai yiwuwa ma shi ne daidai. Amma gida sau ɗaya ake sayar da shi, kuma wanda bai ji daɗi ko zafin komai ba wata biyar, ba shi ne zai yanke irin wannan hukunci a wannan watan ba.

Na ce wata biyar da gangan. Kai kana ƙirgawa daga Fabrairu, amma wasiƙarka ta ce tun tsinkar inabi ka daina fitowa daga mota. Mutuwar Dezo ta tarar da kai a haka ne. Shekara talatin da ɗaya kana da lokacin tashi, da fuskokin da ka sani, da mutanen da ke jiran ka iso. Ka zaci ƙarfen dogon ne ya ɗaure ka, ka bar shi, sai ga shi a duk shekarar nan abin da ka rubuta da rai a ciki shi ne teburin ƙarfe uku da mutumin da ke tsokanarka. Wannan ka rasa, kuma mai zagaya fili kowace safiya yana duba labulen mutane ba za a ce ba ya jin komai ba. Tunda dama za ku je Brno sa hannun, ka ga likitanka, ka karanta masa wasiƙar nan yadda take. A duba jininka, a kuma yi maganar ciwon damuwa. Yana zuwa wa maza da yawa bayan ritaya a wannan siffar, ba kuka, sai dai komai ya zama ba ɗanɗano, kuma ana maganinsa.

Game da Laraba, ba zan ce maka da ka buga ƙofar ba abin da zai canza ba, don ban sani ba, likitan ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne Dezo da bakinsa ya roƙi a ƙyale shi a irin ranakun nan, har sau biyu, kuma motoci goma sha biyar ne a filin, duk sun bi doka ɗaya. Dokar tana da amfaninta, amma ba ta yi tanadin tsoho mai zama shi kaɗai ba. Kafin ku tashi, ka tara masu zama su kaɗai, kowa ya ba maƙwabcinsa cikakken suna da lambar wani nasa, ku kuma yi alkawarin cewa labule in ya wuni ya kwana a rufe, za a buga, mai fushi ya yi fushinsa. 'Yar Dezo kuwa, kada ka janye abin da ka faɗa mata. Ka rubuta mata abin da ka sani da gaske: yadda yake karta, abin da yake kiranka, yadda yake dariya. Ba ta da wanda zai ba ta waɗannan makonni shida sai kai.

Sai Jarmila. Ta biya tafiyar nan da abubuwan da take so, ta kuma samu rayuwar da ta karɓe ta, ba laifi ba ne. Maganarta ta hawa huɗu ma gaskiya ce. Amma tana shirin rabuwa da gidanta ne bisa zaton mijinta yana cikin jin daɗi, kuma kai ne ka bar ta da zaton. Kana ganin shirunka ramuwa ce ga abin da ta bari. In ta gano nan da shekara biyu, a wani fili a Portugal, ba gidan komawa, cewa ka ce to alhali ba ka nan, ba za ta gode maka ba.

Ka gaya mata a makon nan, tun ba ku ɗau hanyar arewa ba, kada ka bari sai a ƙofar lauya. Kada ka ce mata ku koma gida, tunda kai ma ba ka san kana so ba. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, har da hitar. Ka nemi a ƙara wa matasan hayar shekara guda maimakon sayarwa. Za su iya fasawa su nemi wani gidan, Jarmila kuma za ta iya yin fushi na kwanaki. Ka ɗauki duka biyun. Tsakanin hawa na huɗu da zaman mota har ƙarshen rayuwa akwai wurare da yawa: hunturu a kudu, watannin zafi a Brno, ko ƙaramin gida a ƙasa kusa da lambu. Waɗannan maganganu ne na mutum biyu, kuma yanzu ɗaya ne kawai ya san akwai magana.

Ka tambaya ko kana da hurumi. Sunanka yana kan takardar gidan, kuma mijinta ne kai. Ina yi muku fatan sauka lafiya, kai da Jarmila, da fatan ka samu sauƙi.

Vlasta