Tartsatsi Tana Ƙarshen Baranda

Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi magana da likita, tunda kin ce waya ba ta shiga kunnenki. Ya ce ƙashin ƙugun ya haɗe sarai, amma kin ƙi sauka daga gado, har kin kori mai gashin ƙashi. Ya ce in ƙafar ta sandare, ke da taka keken ɗinki har abada. Gwaggo, maganar nan ta tsaya mini a rai.

Aiki ya hana ni zuwa. Na ba direbanmu wani littafin zane ya kawo miki, irin na jaruman nan da nake karantawa. Ki rage zaman shiru da shi.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Ina amsawa. Jiki da sauƙi, likitanku kuma ya cika surutu. Wanda bai taɓa karyewa ba shi ne zai koya mini tafiya?

Littafinki na gani. Da farko fifita na yi da shi, don fankar ɗakin nan sai ƙara, ba iska. Da zaman ya ishe ni na buɗe. Ke Auta! Wace ce wannan Tartsatsi? Yarinya da rana tana walda a gareji, in gari ya rikice sai wuta ta fito mata daga tafin hannu! Na so ta, don ba ta da son jiki. Amma wanda ya zana mata kaya bai taɓa riƙe almakashi ba. Mai aiki da wuta za a rataya wa mayafi har ƙasa? Ko so ake ta babbake? Ga hannun rigar a matse, ba wurin ɗaga kafaɗa.

Shi kuma mugun, Gara, da ke cinye gindin gine-gine daga ƙasa, ban raina shi ba. Yana da haƙuri, kuma mugu mai haƙuri shi ne abin tsoro. Sai ga shi littafin ya tsaya daidai lokacin da gadar ta fara tsagewa, motar 'yan makaranta tana kai. Wannan wane irin rashin imani ne? Ki aiko na biyu maza.

Gwaggonki

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Direbanku ya zo, amma littafin bai iso gadona ba. Wai yana kan teburin nas, can ƙarshen baranda, kuma wai an ce kada a miƙo mini. Na roƙi mai shara ta ɗauko, ta ce ita ba ruwanta. Na yi fushi na juya wa bango fuska.

To amma yaran nan suna kan gada. Na kasa cin abinci. Da la'asar na ce a ba ni wannan ƙarfen mai ƙafa huɗu. Auta, na ga taurari da rana tsaka. Gumi har cikin ido, ina tafe ina zagin ki a zuci. Da na isa, a tsaye na karanta, ko kujera ban nema ba.

Ta tare gadar! Da hannu ta narka ƙarfen ta liƙe shi, mota ta wuce! Na yi ihu har nas ta zubar da shayinta. Amma ki gaya mini gaskiya, aikin wa ne wannan?

Gwaggo

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Aikina ne, ni na roƙi nas. Da ta ce mini kin taka, sai da na shiga banɗakin ofis na yi kukana na more.

Na ukun yana wurin mai ba da magani, a hawa na ƙasa. Ki yi fushi da ni yadda kike so, in dai a tsaye za ki yi.

'Yarki mai laifi,
Auta

*

Ke 'yar nema,

Ina gaishe ki duk da haka. Na sauka, na ɗauko, na huɗun ma na bi shi har wurin masu wanki. Yanzu ƙarfen nan na ajiye shi, sanda kawai nake riƙewa.

Ɗakinmu ya zama wani abu daban. Ni ke karantawa da ƙarfi ina nuna musu hotuna. Matar gadon taga, wadda aka yi wa aikin ciki, kullum roƙo take in daina ba ta dariya kada ɗinkinta ya warware. Mun rabu gida biyu. Su suna cewa Tartsatsi ta auri ɗan jaridar nan mai tabarau. Ni na ce a'a! Mutumin da kullum sai an ciro shi daga rami? Namiji ne ko tulu?

Na ukun bai yi mini ba, faɗa ne kawai shafi bayan shafi, bum, ƙau, ba magana. Amma na huɗu, wayyo! Inda ta koma gida hannuwanta duk ƙuna, ta kasa riƙe cokali, tsohon ubanta ya zauna yana ba ta a baki bai tambaye ta komai ba. Nan na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba. Ashe masu zanen nan sun san mutane.

Yanzu ga ta ta kama Gara, hannunta a kan abin da ya rufe fuska da shi. Ni na ce maigidan garejin ne, matar taga ta ce ɗan jaridar. A wane lungu kika ɓoye na ƙarshen? Ko a kan rufin asibiti ne, ki faɗa.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara ƙarfi. Wannan karon ba dabara, wallahi. Na ƙarshen ya ƙare a nan kafin in tashi daga aiki, ni ma ban karanta ba, kuma abin yana cina. Direba ya ce ya hango shi a rumfar mai jarida da ke tsallaken titi, daura da ƙofar asibitinku. Akwai nisa, ga motoci. Ki bari in ya dawo ya saya miki.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ban jira direbanki ba. Da ƙafata na tsallaka, guda ɗaya ya rage, na saye. Da likita ya hango ni ta taga ina ɗaga wa mota sanda, washegari ya sallame ni.

Na san wane ne Gara. Daga ni har matar taga ba wanda ya canka, kuma ba zan faɗa miki a takarda ba. Na yi kewarki, yarinya. Littafin yana kan keken ɗinkina, a ɗakina na saman bene. Ba zan ba direba ba. Ki tako da ƙafarki ki ɗauka.

Gwaggonki