Kwanon Ɗan Fari

Talladje, Yamai

Zuwa ga 'yata Safiyatu, 'yar sandan Damagaram,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya mai gidanki da zafin garinku? Mu nan alhamdu lillahi, ban da cikina.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Kin san ban daɗe a lakwal ba mushe, malamin ajinmu, ya gane bencin da nake zaune a kai ya fi ni ɗaukar karatu. Na rubuto ne don in na kira ki a tarho ba'a ce ke riga ni fitowa, kuma innarki na jin komai ta katanga.

Jiya aka sallamo ni daga likita, bayan an ɗura mini ruwa kamar shukar salati. Kopto ne, kwaɗon zogale, na ci wanda ya yini cikin zafi, zogalen ya yi tsami, ƙulin ya yi yauƙi, ni kuma na share kwanon tas. Ba kwaɗayi ba ne, ko da yake kin san ubanki.

Tun da kwalekwale ya kife da yayanki lokacin ambaliyar bara, pompiye, 'yan kwana-kwana, suka nema har suka gaji, aka yi masa salla babu gawa, innarki ba ta zubar da hawaye ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Mata suka yi ta yabonta. Hausawa na cewa sai haƙuri, maƙwabtanmu Zabarmawa na cewa kala suuru, tana amsa wa kowa da harshensa.

Amma kullum kafin ta tafi teburinta na yaji a Petit Marché, sai ta zuba abinci a kwanonsa shuɗi, ta rufe da faifai, ta kai ɗakinsa. Ranar farko da ta dawo ta ɗaga faifan ta tarar da shi cike, ta daɗe tsaye, hannunta a sama. Ban iya ganin haka sau biyu ba. Washegari da azahar na tashi daga keken ɗinki, na shiga na cinye. Tun ranar nake cin rana biyu. Ni kaɗai ne a Talladje makoki ya sa wa ƙiba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Hadizatu mai teburin kusa da nata ta same ni a likita. Ta ce innarki na barin kayanta da tsakar rana ta tafi gadar Kennedy, ta jingina da ƙarfe tana leƙen ruwa. Wata rana har wani mai taksi ya tsaya ya riƙe mata zane. Ta ce wa Hadizatu, "Yana zuwa gida yana ci. So nake in ga ta inda yake fitowa."

Kin taɓa ce mini an koya muku yadda ake magana da wanda ya hau bene zai faɗo, ko ya riƙe wuƙa. Ki koya mini, ko da a taƙaice ne. Ina tsoron ranar da mai taksi ba zai tsaya ba.

Ubanki mai ciki biyu,
Illo

*

Damagaram

Zuwa ga mahaifina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Direban kar, motar fasinja, ya kawo mini takardarka a komisariya, ofishinmu, na karanta a tsaye. Ban yi dariya ba, Baba.

Na nemi izinin zuwa, ba a ba ni ba tukuna. Kafin nan ka roƙi Hadizatu kada ta bar Inna ta fita kasuwa ita kaɗai, kuma da na zo za mu kai ta wajen likitan da ya san irin wannan ciwo.

Abin da aka fara koya mana shi ne, ba a yi wa wanda ke bakin faɗawa ƙarya, ko ta tausayi ce. Ya kamata ka gaya mata kai ke cin abincin. Amma ba da farko ba. Sai ta fara magana, ta tabbata ana jin ta.

Akwai wani magini da ya hau tankin ruwan unguwa bayan matarsa ta rasu wajen haihuwa. Jama'a a ƙasa kowa na ce masa ya yi haƙuri, ya tuna Allah. Duk gaskiya ce, amma kowace "haƙuri" sai ya ƙara matsawa baki, don ya gane ana nufin ya yi shiru. Na zauna a matakala, na ce masa, "Kamar akwai abin da ba wanda ya bari ka faɗa." Daga nan na kame bakina. Ya daɗe kafin ya ce shi ne ya hana ta zuwa awo. Da ya gama faɗa, da ƙafarsa ya sauko.

To ka zauna kusa da ita, ƙasa da ita in da hali. Kada ka tambaye ta "don me", tana jin sa kamar tuhuma. In ta yi magana, ka maimaita ƙarshen abin da ta ce, a hankali, don ta ci gaba. In ta yi shiru, ka bar shirun. Na san nan ne wuyarka.

Sannan ka ambaci sunansa. Yaya Abdulkarim. Na san ku biyu ba ku taɓa faɗin sunan ba, "mutumin nan" kuke cewa tun ina ƙarama. Amma yana da wuya a yi kukan wanda ba a kira.

Allah ya ƙara lafiya. Ka gaida Inna.

'Yarka,
Safiyatu

*

Talladje

Ranki ya daɗe, Kwamanda,

Gaisuwa mai yawa. Ɗalibinki ya faɗi jarrabawa.

Na same ta tana tsinke zogale, na zauna a ƙasa har gwiwata ta yi ƙara. Ta ce, "Albasa ta yi tsada." Na ce, "Ta yi tsada." Ta ce, "Wutar ma sun ɗauke." Na ce, "Sun ɗauke." Ta ajiye tire ta dube ni, ta ce, "Malam, a likita aku suka ɗura maka?" Sai shiru ya zo, irin wanda kika ce in bari. Na riƙe shi kamar garwashi a tafin hannu, sai na ji bakina na ba ta labarin wandon da na ɗinka wa Amadu mahauci ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Na gwada barin kwanon. Da ta dawo ta ɗaga faifai, ta ce a hankali, "Ya yi fushi." Washegari ta sulale wa Hadizatu, sai a gada aka same ta. To na koma ci. Ki rubuta matsoraci a takardunku.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ɗakin yayanki da rana tsaka ya fi ko'ina sanyi. Takalmansa na nan bakin ƙofa, ɗaya ya hau ɗaya yadda ya bar su. Rigar ƙwallonsa a ƙusa har yanzu ta riƙe siffar kafaɗarsa. In na zauna sai in ga na juya na fuskanci bango, na naɗe ƙafar hagu, yadda yake yi. Ban shirya ba, jiki ne ke yi. Rannan na ji ƙarar tauna a ɗakin, na tsaya cak ina saurare. Tawa ce. Iri ɗaya muke tauna, ban taɓa lura ba sai yanzu.

Zancen suna kuwa, Safiya, ki tausaya. Ranar suna liman ya faɗa, na sunkuyar da kai, ban ɗago ba har yau.

Naki,
Illo aku

*

Damagaram

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ba ka faɗi ba. Wanda muke magana da shi yakan zage mu da farko, alama ce ya lura an zauna.

Amma ka yafe mini in faɗi wannan. Inna ta yi shiru da shiru, kai ka yi shiru da dariya. Mutum biyu ne a kan gadar nan.

Kada ka jira ta a gida. Gobe ka rufe keke ka bi ta. Kada ka ja hannunta sai in dole. Ka tsaya inda take, ka kalli abin da take kallo. In ba'a ta taso maka, ka ciji leɓe.

Allah ya tsare mini ku.

Safiyatu

*

Talladje

'Yata,

Ina gaishe ki. Yau ba ni da taken da zan ba ki.

Na bi ta daga Petit Marché, ina laɓewa bayan masu tura amalanke kamar ɓarawon da bai iya sana'a ba. A tsakiyar gada ta tsaya. Rana na dukan kai, motoci na wucewa, ƙarfen na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ruwan ya yi ja, yana tafiya a natse kamar bai taɓa cin kowa ba. Na tsaya gefenta. Ba ta waiwayo ba.

Labari ya taso mini har iri uku. Na ciji leɓe sai da na ji gishiri.

Da aka daɗe na ce, "Hamsatu, kamar akwai abin da ba a bari kin faɗa ba." Na sata daga bakinki, ki yafe.

Ta ce, "Ranar na ga hadari."

Na ce, "Kin ga hadari." Wannan karon ba ta kira ni aku ba.

Ta ce, "Ya fita, ya kusa kwanar masallaci. Zuciyata ta ce in mai da shi. Na leƙa ƙofa na ce, kai! Kai! Duk mazan layin suka waiwayo, ban da shi. Sunan yana nan bakina, Malam. Amma mata na zaune a ƙofar gida, na ji kunya. Ya sha kwana."

Safiya, na san ruwan zai ci wanda aka rubuta ko an kira shi ko ba a kira ba. Maganar ta zo har haƙorana. Na haɗiye ta. Na ce kawai, "Kin daɗe ɗauke da wannan ke kaɗai." 

Sannan na ce, "Ni ke cin abincin."

Ta ce, "Na sani. Shi ba ya ture albasa gefe."

Na ce to ai ta gaya wa Hadizatu yana zuwa. Ta ce, "A gida na sani. In na zo nan sai in daina sani. In na dawo kuma na tarar ɗakin na warin mutum, tabarma ta motsa, sai in iya kwana."

Daga nan ta kama ƙarfen da hannu biyu. Na matso, na shirya riƙe ta. Sai ta buɗe baki ta kira shi. Sunan gaba ɗaya, da ƙarfi, irin kiran da ake wa yaron da ya kusa shan kwana. Wani masunci a ƙasa ya ɗago kai. Wallahi na duba ruwan ina jiran amsa. Ta sake kira, ta sake, har murya ta tsage, ta zube a ƙasa tana kukan da mata suka yabe ta don ba ta yi ba. Masu moto na rage gudu suna kallo. Na zauna kusa da ita a kan kwalta mai zafi, ban ce haƙuri ba.

Da muka miƙe ta share fuska da gyale, ta ce, "Saura kai."

Na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, iska ce ta fito. Ta dube ni, ta ce, "Ba komai. Zan jira." Ita ma ta iya aikinku, ba wanda ya koya mata.

Ubanki,
Illo

*

Talladje

Safiya,

Gaisuwa. Na ji an ba ki izini, Allah ya kawo ki lafiya. Innarki ta yarda da zancen likita, in ke za ki raka ta.

Ba ta sake zuwa gada ita kaɗai ba. Tana zuba abinci a kwanon har yanzu, amma a tsakar gida muke ci tare, tana kwashe albasar da na ture.

Ranar Juma'a mun koma. Na sake buɗe baki, na sake rufewa. Ta tsaya tana kallon abin da nake kallo. Ina gwada kiran sunan a shago in keke na ƙara, don kada in ji kaina, amma ta ce wannan ba ya cikin lissafi.

Juma'a mai zuwa za mu sake komawa. In kin iso ki biyo mu, ki tsaya ɗaya gefena. Kada ki faɗa mini sunan. Na san shi. Ni na raɗa wa liman.

Sai kin zo.

Ubanku,
Illo