Ranar da Baba Ya Daina Gumi

Kazaure, daren Talata, ƙarshen bazara

Yau na kai wa Baba fura gona, na tarar da shi a yashe. Tun safe hadari ke haɗuwa bai zubar ba, iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa a jikin kowa. Shi kuwa goshinsa zafi zau, babu ko ɗigo. Na yi ihu, mutane suka zo aka kai shi asibiti.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Zafi da laima in suka haɗu, jiki ba ya hucewa. Bana abin ya zarce na bara."

Ya farfaɗo, alhamdulillahi. Amma ɗazu ya ce, "Hadiza, gobe zan ƙarasa sharar gonar nan."

Na ce, "To, Baba," sannan na ɓoye fartanyarsa. Gara ya yi mini faɗa da in sake ganin idanunsa a kakkafe.